Ɗinkin bargon haɗe-haɗe: daga ina mai koyo za ta fara?

Wata ƙanwata daga Unguwar Rogo ta turo min saƙo, ta ce tana ganin bargunan nan da ake haɗawa da guntayen ƙyalle a Instagram, waɗanda Turawa ke cewa kwilt, abin ya shiga ranta, tana da tsohon keken mamanta Butterfly a gida da leda biyu cike da ragowar atamfa, amma bata san ta ina zata kama ba, kuma wai an ce mata sai da injin na musamman da kayan aiki daga waje. Na fara amsa mata a waya sai naga maganar da tsawo, gara in zauna in rubuta.

Toh ƙanwata, wanda ya ce miki sai da injin na musamman bai taɓa ɗinka ko guda ɗaya ba. Abinda ke hannunki ya isa, har ya yi yawa ma. Ni da keke irin naki na fara, na ƙafa, kuma har yau shi nake hawa in zan haɗa ƙyalle duk da ina da na lantarki, don shi ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke.

Ki fara gane menene abin tukuna. Kwilt hawa uku ne: saman da ake gani wanda kika haɗa da guntaye, cikon tsakiya mai kawo ɗumi, sai bayan, wato ƙyalle guda shimfiɗaɗɗe. Sai a bi su da ɗinki ya ratsa duka ukun ya riƙe su wuri ɗaya, a ƙarshe a naɗe baki. Shikenan fa. Kuma kar ki ɗauka wani baƙon abu ne a wurinmu, in kin taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Zazzau ko Katsina kinga 'yan lifida, lifidin nan nasu, wato wannan rigar mai kauri mai kala kala da ake rufa wa doki da mahayinsa, ai kwilt ce cikakkiya, ƙyalle sama ƙyalle ƙasa a cusa auduga ko audugar rimi a tsakiya a bi da ɗinki, kakanninmu don tare kibiya suka yi ta, mu kuma don sanyin Jos muke yi. A Bangaladash da gabashin Indiya suna da nasu da suke kira kanta, tsofaffin zannuwa suke jerawa su bi da ɗinkin hannu. A Amurka akwai wani ƙauye Gee's Bend a jihar Alabama, matan baƙaƙen fata ne talakawa da suka riƙa haɗa bargo da tsofaffin wandunan gona da buhu don kawai yara su samu abin rufa, a 2002 aka baje aikinsu a gidan tarihi a Houston sannan New York, a 2006 har kan sarki aka buga da hoton bargunansu. Babu wadda ta fara da kayan waje a cikinsu.

Abinda zan roƙe ki, dan Allah kar ki fara da bargon babban gado. Na san shi ne a ranki, kowa da shi yake zuwa, kuma shi ke kashe wa mutane gwiwa, za ki yi sati uku kina yanka baki ga komai ba, daga nan a ɗaure a leda a tura ƙarƙashin gado sai wata shekara. Ki fara da ƙaramin shimfiɗi na yaro, inci 36 da 45. Lissafinsa mai sauƙi ne: ki yanka murabba'i guda 80, kowanne inci 5 da 5, ki jera takwas a faɗi goma a tsawo. Bayan ɗinki kowanne zai koma inci huɗu da rabi saboda rabin inci ya tafi a ɗinki, kwata ta nan kwata ta can. Takwas sau huɗu da rabi 36, goma sau huɗu da rabi 45. Duk abinda za ki buƙata a babban bargo yana cikin wannan ƙaramin, kuma a sati ɗaya ko biyu kin gama kin riƙe abinki a hannu.

Yanzu maganar ƙyallen, nan ne na fi son in tsaya domin nan ne na sha wuya. Ki zazzage ledojin nan biyu a ƙasa ki ware. Auduga zalla kike nema, mai nauyi iri ɗaya. Atamfa mai kyau ta auduga ita ce sarauniya a wannan aikin, bata santsi, tana kwanciya in an yi mata guga. Leshi, boyel mai sharara, yadi mai miƙewa irin na roba, duk ki ajiye su gefe. Shadda ma ki bari sai hannunki ya faɗa, tana da santsi da tauri, allura na barin huji a jikinta in kika farke, rinanniyar kuma zuba take yi ba kaɗan ba. In kina shakkar wani ƙyalle ko auduga ne ko roba, ki yanki ɗan zare zare daga gefe ki kai bakin ashana a waje kusa da ruwa: auduga tana ci kamar takarda, warin takarda take yi, tokar laushi gareta kina murzawa ta watse, atamfar roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Me yasa wannan ya dame ni? Saboda auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, roba bata tsukewa, in kika haɗa su a bargo ɗaya wanki ɗaya zai sa wani wuri ya tattare wani ya saki, ga guga kuma, zafin da auduga ke so shi zai ƙona robar.

Sannan ki wanke komai kafin almakashi ya taɓa shi. Komai fa, har ɗan guntun da bai kai tafin hannu ba, ki zuba su a tsohuwar rigar filo ki ɗaure don kar su tsiyaye. Ni bargona na farko da na zauna na yi wata biyu a kansa, na auren 'yar yayata ne, fari da ja na haɗa, jar atamfar mai shagon ya rantse min bata zuba, ni kuma na yarda don sauri nake. Na gama na ce bari in ɗauraye shi saboda alamun alli, wallahi ina tsoma shi a baho ruwan ya koma kamar zoɓo, farin nan gaba ɗaya ya zama wani kalar da ba suna, na zauna a bakin rijiya ina kallon shi kamar in yi kuka, ƙarshe zanin gado na siya na kai gudummawa, shi kuma har yau yana ɗakin yara. Tun daga ranar duk ja, baƙi, shuɗi mai duhu da kore shar sai na jiƙa shi shi kaɗai a ruwan ɗumi tare da ɗan farin ƙyalle, in farin ya fito da kala in sake, in an yi sau uku bai daina ba to ba zai shiga bargona ba ko waye ya ba ni shi.

Haɗa kala kuma, matsalar atamfa ita ce duk surutu gareta, kowacce da manyan furanni, in kika jera tamanin kusa da juna ido ba zai samu wurin hutawa ba, sai ya zama kamar kasuwar Taminus ranar jajiberin sallah. Maganin shi ne ki siyo yadi ɗaya ko ɗaya da rabi na fili mara zane, auduga, ruwan madara ko toka toka ko shuɗi mai duhu, ki yanka 40 daga shi, 40 daga atamfofinki, ki riƙa sa ɗaya nan ɗaya nan kamar gidan dara. Nan take za ki ga kowace atamfa ta fito da kyanta. Kuma wani sirri, haske da duhu sun fi kala muhimmanci. Ki shimfiɗa su a ƙasa yadda kike so, ki hau kujera ki ɗauki hoto da waya, ki maida hoton baƙi da fari, duk inda duhu ya taru wuri ɗaya za ki gani ki watsa shi. Hoton kuma ki ajiye, don yara na shigowa zasu hargitsa miki jerin.

Kayan aiki: almakashi mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai ƙyalle (ki ɓoye shi, maigida zai ɗauka ya yanke waya), tef, rula, alli ko guntun sabulun da ya sirance, fil, reza ta farke ɗinki, dutsen guga. Ki yanka kwali mai tauri inci 5 da 5 daidai wa daida, ki auna shi sau biyu, shi za ki riƙa ɗorawa kina zagayewa, in gefensa ya fara cinyewa ki sake sabo. Wannan wuƙar mai kamar taya da kike gani a bidiyo, kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da ita a 1979, kinga kenan duk bargunan da aka yi kafin nan da almakashi aka yi su. Tana da daɗi gaskiya, tana yanka hawa huɗu lokaci ɗaya, amma sai da tabarmarta ta musamman da rula mai kauri, kuma tana cin yatsa fiye da reza. In kin gama bargo biyu kinga abin ya zauna miki sai ki siya, mai milimita 45 ta ishe ki, tabarmar kuma kar ki bar ta a rana ko ki ɗora mata dutsen guga, in ta lanƙwashe bata dawowa. Wajen yanka ki bi tsayin zaren ƙyallen, kar ki karkace, wanda aka yanka a karkace miƙewa yake kamar cingam.

Sai ɗinki. In akwai abu ɗaya da zan so ki riƙe daga duk surutun nan to kwatan inci ne. Mu teloli mun saba barin rabin inci ko inci guda a riga saboda ko za a buɗa, a nan babu wannan, kwatan inci ne, kamar milimita 6, kuma kowane ɗinki sai ya zama daidai da ɗan'uwansa. Bari ki ga dalili: layinki mai murabba'i takwas yana da ɗinki bakwai, in kika ƙara ɗan rabin kwata kawai a kowanne, kowane ɗinki zai ci ƙarin kwata guda domin ƙyalle biyu yake ci, sau bakwai kusan inci biyu kenan sun tafi, layi na gaba kuma in kika yi shi daidai sai ki zo haɗawa ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ki fara ja kina addu'a. Abinda nake yi, in auna kwatan inci daga inda allura ke sauka zuwa dama, in manna salatif hawa uku ko huɗu a kan farantin keken ya zama ɗan tudu, gefen ƙyallen ya riƙa bin jikinsa. Ki gwada da guntaye uku kafin ki fara na gaske. Allura lamba 12 ko 14, ɗinki ɗan ƙanana, zare mai ruwan toka yana ɓacewa a cikin kusan kowace kala ba sai kin yi ta canzawa ba. Ki haɗa su bibbiyu fuska da fuska ki riƙa turawa ɗaya bayan ɗaya ba tare da kin yanke zare ba, su fito ta baya kamar tutocin maulidi, daga baya ki rarraba, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas.

Guga kuma ba irin ta kaya bace da ake gogawa gaba da baya. Dannawa ake, ki ɗora ki ɗaga, ki ɗora ki ɗaga, in kika ja murabba'in zai karkace. Layi na ɗaya ki kwantar da bakin ɗinkin duk zuwa dama, na biyu zuwa hagu, na uku dama, haka har goma. In kika zo haɗa layi da layi za ki ji da yatsanki gaɓoɓin sun shige juna sun kulle, ki soka fil a kowace gaɓa, kusurwoyin zasu haɗu cif. Ranar da kika fara buɗe layi biyu kika ga kusurwa huɗu sun haɗu a ɗigo ɗaya, za ki kira duk wanda ke gidan ya zo ya gani. Dutsen gawayi yana yi sarai, ki dai shimfiɗa wani tsohon ƙyalle a kai saboda toka.

Cikon tsakiya, a nan ba kasafai ake samun na auduga irin na waje ba, amma muna da mafita. Masu kayan kujeru da masu ɗinkin zanin gado suna saida faiba shimfiɗaɗɗiya a yadi, ki ce mai sirara kike so, mai kaurin nan keken gida ba zai haɗiye ta ba. Abinda na fi so ma ga mai koyo shi ne ki shiga Katako wajen 'yan gwanjo ki nemi zanin gado mai ɗan gashi gashi ko siririn bargo, ki wanke shi tas, yana kwanciya lafiya baya zamewa, kuma ga sanyin Disamba da Janairu na garin nan yana riƙe ɗumi yadda ya kamata. Soso dai a'a, ko an ce miki ya fi arha, yana marmashewa a ciki bayan 'yan wanki kuma baya bushewa da wuri. Audugar rimi ta filo ce da lifidi, a bargo dunƙulewa take gefe guda. Na baya kuma yadi ɗaya da rabi na atamfa guda ya isa wannan girman. Cikon da bayan su fi saman girma da kamar inci uku ta kowane gefe, saboda suna jan jiki in ana ɗinki.

Haɗa hawa ukun shi ne aikin da ba wanda yake so, gwiwa ke ciwo, amma wanda ya yi ha'inci a nan zai gani a bayan bargonsa. Ki share tayil ko siminti, ki shimfiɗa na baya fuskarsa a ƙasa, ki miƙe shi ki manne gefuna da salatif, miƙewa ba ja ba. Ki ɗora cikon, ki ɗora saman fuskarsa sama, ki shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa waje. Sai ki bi da fil mai kulle, daga tsakiya, tazarar faɗin hannunki tsakanin ɗaya da ɗaya. In babu fil da yawa ki yi dogon ɗinkin hannu na wucin gadi da farin zare, daga baya ki zare.

Daga nan hanya uku ce. Mafi sauƙi ɗauri: allura babba da zare mai kauri, ki soka a kowace kusurwa ki fito ki ƙulla sau biyu ki bar ɗan gemu, yamma ɗaya kin gama. Ta biyu ɗinkin hannu, ki samu zaren ɗinkin hula ki bi da manyan taku a miƙe, gefen kowane layi, wannan ni shi na fi so, yana da kyau a ido kuma aikin hira ne, kina zaune bayan isha'i bargon na kan cinyarki yana ɗumama ki tun kafin a gama shi. Ta uku keke. In keke za ki yi, ki tsawaita takun ɗinkin, ki sa allura 14, ki sassauta dunƙulen nan da ke saman kan keken wanda ke danne ƙafa, domin haƙoran keke na ƙasa kawai suke ja, na sama sai ya riƙa turuwa gaba yana tattarewa. Ki fara da layin tsakiya ki nufi gefe, ki naɗe rabin bargon kamar tabarma ya shige ƙarƙashin hannun keken, ki sa tebur ko kujera a gefe ta ɗauke nauyinsa kar ya rinjayi allura. Kar ki ja, kar ki tura, ki raka shi kawai. Zane zanen furanni da kike gani a bidiyo ki bar su tukuna, layi miƙaƙƙe ba abin kunya bane.

Naɗe baki: ki daidaita gefuna da almakashi, ki yanka dogayen ƙyalle masu faɗin inci biyu da rabi, tsawonsu daga gefen yadi zuwa gefe, guda biyar zasu zagaye da saura tunda zagayen inci 162 ne, ki jona su, ki ninke biyu a tsawo ki danna da guga, ki ɗinka ta gaba da keke, ki juya ta baya ki kama da hannu. Kusurwa zata ba ki haushi a karon farko, kowa haka ya yi, ta huɗun zata fi ta farkon kyau.

Abu biyu kafin in manta. In jariri za ki ba, a shimfiɗa masa a ƙasa ya yi wasa a kai, kar a lulluɓe ɗan da bai kai shekara ba da shi lokacin barci, likitocin yara suna hana abu mai nauyi kusa da fuskarsu, kuma na jariri kar ki yi masa ɗaurin nan mai gemu ko ki sa maɓalli. Wanki kuma da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, kar a murɗe, a shanya a kan igiya biyu ko uku a inuwa don nauyin ruwa kar ya tsinka ɗinki, kuma ki yi shi da rani, da daminar Jos sai ya kwana uku bai bushe ba ya fara wari.

Kin kuma tambaya ko ana samun kuɗi da shi. Ana samu, amma ba yanzu ba, kuma ki sani mutanenmu zasu kwatanta miki shi da bargon kanti su ce ya yi tsada, basu san kwana nawa kika yi a kai ba. Masu siya na gaske su ne wanda suka kawo miki zannuwan mahaifiyarsu da ta rasu suka ce a haɗa musu, ko uwa da ta tara ragowar ankon bikin 'yarta. Irin wannan aikin sai hannu ya nuna ake karɓa, domin in kika ɓata babu inda za a siyo wani. Ƙyalle kuwa ba zai taɓa yanke miki ba, ki yi magana da telan unguwarku ya riƙa tara miki a buhu maimakon ya zubar, ki ɗan riƙa ba yaran shagon na ruwa.

Yau dai ki zazzage ledojin ki ware ki jiƙa. In kin haɗa layi biyu na farko ki turo min hoto, amma ta baya nake son gani, wajen bakin ɗinkin, da rula a ɗore a kai.